KIWON KIFI A BAYAN GIDA: DARASI DAGA ƘASAR ƘANƘARA

Duk wanda ya zauna a ƙasar Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, ya san halin gulaben wannan yanki. Da damina Gagare da Bunsuru su kan cika su batse, kifi ya wadata, har talaka ya ci ɗanye. Da kaka ta wuce sai ruwa ya janye ya bar rairayi, sai gurabe nan da can, masunta su tsame abin da ya saura. Daga nan har faɗuwar ruwa, mai son kifi a Banga da ƙauyukan da ke kewaye da ita sai ya nemi banda a kasuwa. Bayan wannan kuma, fitinar ɓarayin daji ta shekarun nan ta sa zuwa fadamu masu nisa ya zama kasada. Don haka ba abin mamaki ba ne da mu ka ga malaman makaranta da akawuna sun fara sha'awar gina ɗan tafki a bayan gida, wanda masu sana'ar su ke kira kwami, domin iyali su sami nama, a kuma sami abin rufa wa albashi baya.

Wannan niyya ce mai kyau, amma akwai asara a cikinta ga wanda bai san kanta ba. Mutum ya kan tara kuɗin watanni ya sayi siminti, ya sayi 'ya'yan kifi da buhunan abincinsu, kome ya tafi daidai har Nuwamba. Da hunturu ya kankama sai kifi ya daina ci, ruwa ya fara ɗoyi, a wayi gari a tarar da waɗansu sun juya ciki sama. Sai a ce sanyi ne ya kashe su. Mu kuwa abin da mu ke so mu nuna a nan shi ne, sanyin ƙasarmu shi kaɗai da wuya ya kashe kifi. Abubuwa biyu ne su ke taimakonsa, watau rashin zurfin tafki, da hannun mai ba da abinci wanda bai san lokacin tsayawa ba. Mutanen da su ka fi kowa sanin wannan kuwa su ne waɗanda ruwan tafkinsu kan daskare ya zama dutse kowace shekara, amma kifinsu ya kwana lafiya a ƙarƙashi.

ASALIN KIFIN KOI

A yammacin babban tsibirin Japan akwai wani lardi mai suna Nigata. Ƙasa ce mai duwatsu, inda dusar ƙanƙara kan taru da hunturu har ta fi tsayin mutum. A dā hanyoyin ƙauyukan kan toshe wata da watanni. Manoman shinkafa na wurin, musamman na Yamakoshi da Ojiya, sun saba ajiye wani baƙin kifi da Turawa ke kira kaf a cikin tafkunan ban ruwa, domin su sami abin ci sa'ad da hanya ta yanke. Tun wajen farkon ƙarni na 19 su ka lura jefi-jefi a kan sami ɗaya mai ja ko fari a jiki. Maimakon su ci irin waɗannan, sai su ka riƙa ware su suna haɗa su aure, har a ka sami kifi mai launi iri iri, ja da fari da baƙi da ruwan zinariya. Shi ne a ke kira koi.

A cikin 1914, shekarar da a ka haɗa Arewa da Kudu a ka yi Nijeriya, a ka kai waɗannan kifaye wani babban baje koli a Tokyo, daga nan sunansu ya bazu cikin Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da jirgin sama da jakar leda su ka sauƙaƙa ɗaukar kifi da rai, sai ya isa Ingila da Jamus da Amurka da Kanada. Koi kan kai ƙafa 2 zuwa 3 a tsawo, ya kan yi shekara 25 ko fiye in ya sami kulawa. Ba don ci a ke kiwonsa ba, don kallo ne, kamar yadda mai sarauta ke ajiye ɗawisu. A cikin 2018 an yi gwanjon wata guda ɗaya a Hiroshima a kan kuɗin Japan yan miliyan 203. Wanda ya mallaki dabba mai irin wannan daraja ba ya wasa da lafiyarta, shi ya sa iliminsu game da sanyi ya zurfafa.

YADDA YA KE KWANA A ƘARƘASHIN ƘANƘARA

Allah ya yi ruwa da wani hali na ban mamaki. Ya fi nauyi sa'ad da zafinsa ya ke digiri 4 a ma'aunin Santigired. In ya fi haka sanyi sai ya yi sauƙi ya taso, shi ya sa ƙanƙara ke yawo a bisa ruwa ba ta nutsewa. Saboda haka tafki daga sama ya ke fara daskarewa, ƙasansa kuwa ya zauna ruwa. Can koi ke sauka ya lafe, ba ya motsi sai kaɗan, har sanyi ya wuce.

Bisa ga wannan ne masu kiwon koi a ƙasashen sanyi su ka tsai da ka'idodi uku. Ta farko, tafki ya yi zurfi, aƙalla ƙafa 3 ko 4, a wuraren da sanyi ya tsananta ma har fiye, don kada ƙanƙara ta kai ƙasa. Ta biyu, a bi zafin ruwa wajen ba da abinci. Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa kamar mutum ko akuya, zafin jikinsa shi ne zafin ruwan da ya ke ciki. In ruwa ya yi sanyi sai cikinsa ya yi nawa, abinci ya ƙi narkewa. Don haka su kan rage abinci tun kaka, da ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10 sai su tsai da shi ɗungum, ko da za a yi wata uku. Ta uku, a bar wata 'yar kafa a buɗe a cikin ƙanƙarar, don mugunyar iskar da ruɓaɓɓen ganye da kashin kifi ke fitarwa ta sami mafita. Ba su fasa ƙanƙarar da guduma, gama girgizar kan ji wa kifi ciwo, sai dai su narkar da ita da ruwan zafi ko da ɗan injin ɗumama ruwa.

Su mutanen Nigata kuwa suna da wata dabara kuma. Da bazararsu su kan saki kifi a manyan tafkuna na laka ya yi girma, da watan Oktoba ya zo su janye ruwa su kwashe shi su kai tafkunan da ke cikin ɗaki. Watau sun daidaita kiwonsu da shekara, ba su ja da ita.

KAF A NIJERIYA

Dangin wannan kifi ba baƙo ba ne a Arewa. A cikin 1951 a ka fara gonar kifi ta gwamnati a Panyam, a kan tudun Filato, a cikin 1954 kuma a ka kawo kaf daga ƙasar Ostiriya. Panyam wuri ne mai sanyi saboda bisansa, kaf kuwa ya saba da haka. Amma kifin da ya mamaye kwamaye a Nijeriya daga baya shi ne namu na gida, watau tarwaɗa, sa'an nan karfasa. Dalili kuwa shi ne tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai wadda ta ke shaƙar iska da ita kai tsaye, saboda haka tana jure cunkoso da gurɓataccen ruwa fiye da sauran kifaye, ga shi kuma masu saye sun san ta.

Wanda ya ke da hali ya ke son koi don ƙawata gida, sanyinmu ba zai dame shi ba ko kaɗan, zafin Afrilu ne abin tsoro. Sai dai muna yi masa gargaɗi guda, kada ya saki ko ɗaya a gulbi ko tafkin gari. Kaf kifi ne mai tonon ƙasan ruwa. A Ostireliya, inda ya kuɓuce ya shiga gulbin Mare da rassansa, ya dama ruwa ya takura wa kifayen ƙasar, har yanzu ba a rabu da shi ba.

NAMU SANYIN

To, me ya haɗa mai tarwaɗa a Banga da mai koi a Kanada, alhali ruwa bai taɓa daskarewa a Zamfara ba? Abin da ya haɗa su shi ne kowane kifi yana da nasa ma'aunin. Abin da digiri 10 ya ke ga koi, kusan shi ne digiri 20 ga tarwaɗa. Ita ta fi ci da girma tsakanin digiri 26 da 30. In ruwa ya sauka kusa da 20 sai cinta ya ragu ƙwarai, girma ya tsaya, ƙwai ma ya yi jinkirin ƙyanƙyashewa. Karfasa kuma ta kan daina haihuwa a wajen nan, in ruwa ya kai 11 ko 12 ta fara mutuwa.

A Disamba da Janairu, iskar asuba a wannan yanki ta kan sauka ƙasa da digiri 15, da azahar kuma ta haura 30. Ruwa mai zurfi ba ya bin wannan hawa da sauka sai kaɗan, don mai yawa ne, ya kan daɗe bai huce ba. Amma ruwan da bai wuce gwiwa ba, musamman na cikin tamfol ko tankin roba da a ka ɗora a bisa ƙasa iska na bugunsa ta kowane gefe, ya kan yi sanyi ƙarara da asuba ya yi ɗumi da rana. Wannan juyi na kullum shi ke raunana kifi, cuta ta sami ƙofa. Kowace uwar gida ta san misalin wannan: ruwan kwano ya kan yi sanyi kafin gari ya waye, na rijiya kuwa a jawo shi da ɗumi.

GINI

Saboda haka mai niyyar gini ya fara da zurfi kafin faɗi. Shawararmu ita ce ruwa ya kai ƙafa 4, rabin ginin ko fiye ya kasance cikin ƙasa, gama ƙasa bargo ce, tana tsare ɗumi da hunturu, tana tsare sanyi da bazara. Ga lissafi domin akawu ya duba: kwami mai tsawon ƙafa 10, faɗi ƙafa 8, zurfin ruwa ƙafa 4, yana cin kusan galan 2,000, watau lita 9,000, ko duro 45. Kafin mutum ya sayi bulo ko ɗaya, ya tambayi kansa ko rijiyarsa za ta iya ba da sulusin wannan ruwa sau biyu a mako a cikin Afrilu. In ba za ta iya ba, ya rage tsawo da faɗi, kada ya taɓa zurfi.

Wanda ya ke so ya haƙa rami kawai ba siminti, ya gwada ƙasar tukuna. Ya jiƙa ta ya murza kamar igiya ya lanƙwasa. In ta lanƙwasu ba ta karye ba, laka ce, za ta riƙe ruwa. In ta wargaje, jigawa ce, sai an shimfiɗa leda mai kauri ko an yi siminti. A karkata daɓen zuwa kusurwa ɗaya, a sa bututun zubar da ruwa a can, don dattin da ya kwanta ya riƙa fita da fari. Ruwan da a ka zubar taki ne, a bi da shi zuwa ga zogale ko alayyafo, kada a bar shi ya kwanta a lungu ya tara sauro ya jawo faɗa da maƙwabta.

Sabon siminti yana da kaifi mai ƙona fatar kifi. A cika kwamin da ruwa a bar shi mako guda, a zubar, a goge, a sake cikawa, a yi haka kamar sau uku kafin a zuba kifi. In ruwan famfo ne mai magani, a bar shi ya kwana biyu a buɗe tukuna.

Wajen zaɓen wuri, a tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa. A sa kwamin ya fake da katanga ta wannan gefe, ko a kafa zana. Kada a gina shi a gindin darbejiya ko wani itace mai zubar da ganye, gama ganyen kan ruɓe a ƙasa ya ɓata ruwa. A rufe sama da raga saboda zalɓe da shirwa da kyanwa. Abin da ya fi duka muhimmanci, a kewaye shi da shinge mai ƙofa, domin ruwa mai zurfin ƙafa 4 ya isa ya ci yaro. Wanda ba zai iya yin shinge ba, gara ya bar kiwon.

HANNUN MAI BA DA ABINCI

Ga inda yawancin asara ta ke. Mutum ya ga kifinsa ba ya ci, tausayi ya kama shi, ya ƙara watsa abinci yana tsammani ko za su farga. Abincin ya nutse ya ruɓe. Ruɓewar nan tana shanye iskar da ke narke cikin ruwa, tana kuma haifar da wata guba da a ke kira amoniya, wadda ke ƙona matsatsar kifi. Ƙananan halittun da ke cinye wannan guba su ma sanyi kan sa su nawa. Ruwa ba ya tsami banza. Mai kwamin ya yi asarar abinci, wanda shi ne ya fi cin kuɗi a wannan sana'a, sa'an nan ya yi asarar kifin.

Maganin abin shi ne ma'aunin zafi, irin mai araha da a ke sakawa cikin ruwa. A ɗaure shi da zare a tsakiyar zurfin, a duba da asuba da kuma azahar. In ruwa ya kai digiri 26, a ciyar kamar kullum. Tsakanin 22 da 25 a rage zuwa rabi. In ya sauka kusa da 20, a ba da kaɗan sau ɗaya tak, da rana tsaka bayan ruwa ya ɗan yi ɗumi, ko kuwa a tsallake ranar. Babbar tarwaɗa ba ta mutuwa don yunwar kwana uku. A kowane hali a watsa kaɗan kaɗan a tsaya a duba, abin da ba su cinye ba cikin minti 10 ya yi yawa, a kwashe shi.

Da magariba a rufe kamar kashi biyu cikin uku na bakin kwamin da zana ko leda, a bar sauran a buɗe, gama tarwaɗa sai ta taso ta shaƙi iska. Wannan ita ce 'yar kafar da mai koi ke bari a cikin ƙanƙara. Da hantsi a yaye don rana ta shiga. In za a sake ruwa, a ɗebo sabo daga rijiya ko burtsatse da safe, don yana da ɗumi, a zuba shi daga sama yana fantsama ya kwashi iska. Kada a sake fiye da sulusi a lokaci ɗaya. Kuma a bar kamawa da tacewa da jigilar kifi da sanyin safiya, domin raunin da ya samu a lokacin sanyi ba ya saurin warkewa.

BAZARA DA LISSAFIN SHEKARA

Zurfin da ya tsare kifi da hunturu shi ne kuma zai tsare shi a Maris da Afrilu, sa'ad da zafin rana kan wuce digiri 40. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 30 abin da ya ke riƙewa ya kasa na digiri 10 da kusan sulusi. Ƙarancin ya fi tsanani gab da asuba, don gansakukar da ke ba da iska da rana ita ma shaƙa ta ke yi da dare. In an ga karfasa ta taru a sama tana buɗe baki da sassafe, a hanzarta a ƙara sabon ruwa. A wannan lokaci zanar da ta tare iska sai ta koma rumfa. Rana da busasshiyar iska kuma kan sha kamar rubu'in inci na ruwa kowace rana, wanda a kwamin da mu ka lissafta ya kai wajen jarka biyu.

Da ya ke haka ne, hanyar da ta fi sauƙi ga sabon shiga ita ce ta mutanen Nigata, watau bin shekara. A zuba 'ya'yan kifi a Mayu ko Yuni da ruwa ya faɗi, sa'ad da zafi ya sassauta rijiyoyi su ka fara kawowa. Tarwaɗar da ta sami abinci mai kyau ta kan isa sayarwa cikin wata 5 ko 6, watau daidai Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. Sai a kwashe, a ci, a sayar, a banda saura, a bar kwami ya bushe a gyara tsagarsa. A karo na farko kada a wuce kifi 200 zuwa 300 a irin wannan kwami. A kuma riƙa ware manya daga ƙanana kowane mako biyu ko uku tun suna yara, don tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Wanda ya yi shekara ɗaya a haka ya ga yadda abin ya ke, shi ne ya cancanci ya gwada riƙe kifi ya ƙetare hunturu.

AIKI GA MALAMAI DA AKAWUNA

Muna roƙon malaman makarantun Banga da Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su gwada wani abu wanda ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A ajiye ruwa a faffaɗan daro, a ajiye a duro, a kuma jawo na rijiya. Yara su riƙa auna zafin kowanne da ƙarfe 7 na safe da ƙarfe 2 na rana, daga farkon Disamba har ƙarshen Janairu, suna rubutawa a allo. Cikin mako biyu za su gane da idonsu abin da zurfi ke yi, sun kuma koyi lissafi da ilimin halitta a darasi ɗaya.

Akawu kuwa, wanda aikinsa ke nan riƙon littafi, ya buɗe wa kwaminsa littafi kamar na ofis: kwanan wata, zafin ruwa, nauyin abincin da a ka ba da, ranar da a ka sake ruwa, da adadin da ya mutu. Kafin shekara ta kewayo littafin nan zai gaya masa makon da ya kamata ya rage hannu, da makon da ya kamata ya kwashe, bisa ga ruwan gidansa da iskar garinsa. Allah ya sa albarka a cikin abin da a ka zuba, ya tsare yara daga bakin ruwa, ya kuma maido da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, amin.